Tafiyar Mutala, Gidan Inna

Litinin, da hantsi

"Mma, kafin Babbar Sallah za ki shiga gidan Kaka da ƙafarki. Har tsakar gida za ki je, ki ga randa a inda take." Haka Izzuddeen ya faɗa, a ɗakin nan, hannunsa a ƙirji, bakinsa cike da ƙosaina. Sallah ta zo ta wuce. Naman ya ƙare, ƙashin ma an tafasa shi har ya daina ba da romo. Ban ga randa ba. Bokiti na gani, kuma daga sama nake kallonsa.

Bari in rubuta yadda abin yake, don in wata rana wani ne zai karanta min wannan, kada ya ce Latifatu ta ruɗe. Gidan Inna, uwata, a Nima ta Accra, inda aka binne cibiyata, babu shi. An rushe shi an jera shaguna. Wanda ya sa hannu ya san kansa, ba zan ɓata biro a kan sunansa ba. Kafin a rushe, Izzu, autana, ya bi kowane bango da waya yana ɗaukar hoto. Yanzu shi da abokiyar aikinsa Nasiha suna da wani ɗaki a Kokomlemle da suke kira ofis, a can suka sake gina lungunmu a cikin kwamfuta, suka mai da shi gem. Ka riƙe abin nan mai maɓallai da suke ce wa fad, ka taso daga bakin titi, ka tsallake gota, wato kwatar ruwa, ka wuce masallaci, ka isa ƙofar gidanmu. Wai mutane suna isa. Ni ban taɓa wuce masallaci ba.

Da na danna in yi gaba sai duniya ta fara rangaji. Ta nutse hagu, ta taso dama, ta nutse hagu. Can kuma, ba gaira ba dalili, sai allon ya fizge gefe kamar an kira sunan mutum, ya kalli bangon da babu kowa, ya dawo. Kafin in kai gota goshina ya yi nauyi. Kafin masallaci yawu ya cika min baki. Ni da na koyar da yara shekara ashirin da ɗoriya a aji marar fanka ban taɓa suma ba, ga ni durƙushe gaban bokiti saboda wasan yara.

Na gaya wa Izzu. Ya ce sabo ne, in daure. Na ce masa haka ake gaya wa mata tun zamanin kakan kakansa, kuma babu wadda ta warke da shi.

Talata, bayan la'asar

Masallaci. Bokiti.

Laraba, da safe

Lariba ta biyo kafin ta wuce kasuwar Malam Atta. Gida ɗaya muka tashi da ita, ɗakin uwarta yana kallon na Inna, yanzu tana sayar da albasa da bakin da ya fi albasar yaji. Ta zo min da citta, da lemon tsami, da ɓarin goro, ta ce in sa goron a kunci in tauna citta, haka take yi in za ta hau tirotiro, motar haya, zuwa Kumasi. Na ce ni ba Kumasi zan je ba, gidan uwata zan je, kuma ina zaune a kujerata.

Ta ce in ba ta ta gwada. Ta ɗaure zane, ta riƙe fad ɗin kamar za ta yanka kaza. Ta tsallake gota tana ta surutu, ta gane tagar Anti Muniratu mai ɗinki, ta gane famfon da muke faɗa a kansa. Daga nan surutun ya ragu. Da muka doshi masallaci ta ajiye abin a hankali, ta miƙa hannu, na ba ta lemon tsamin da ta kawo min.

"Ei, Lati," in ji ta, "wanda ya yi wannan abin mashayi ne?"

Na ce ɗana ne. Ta ce to a duba shi.

Mun yi dariya har na manta kaina yana sarawa. Muka zauna muna lissafa wanda ke kwana a wane ɗaki, muka yi gardama a kan ko bishiyar gwandar tana bayan madafa ko gabanta. Ta ce baya. Na ce gaba. Gwandar nan ni na sha duka a kanta, na san inda take.

Da za ta fita ta tsaya ta dube ni fiye da yadda ya kamata. Ta ce ina sa maganin ɗigawar idon? Na ce albasarta na jiran ta.

Alhamis, bayan azahar

Akwai abin da ban rubuta ba ran Litinin.

In ka juya da sauri a cikin gem ɗin, gefe-gefen allon yakan yi dusu-dusu, kamar an huro hayaƙi, tsakiya kaɗai ke fita. Ranar farko da ya yi min haka ban san daga allon ba ne. Na rufe ido na buɗe. Na rufe na hagu, wanda dama ya daɗe da yin murabus, na buɗe na dama shi kaɗai. Hayaƙin yana nan. Na ce to, shi ke nan, ta nan zai zo min, ina riƙe da abin wasa. Sai na ɗaga kai na ga labule tar, har zaren da ya zare a gefensa.

Da na tambayi Izzu ya ce ado ne. Da gangan suka sa, don abin ya yi kama da fim. Sun ɓata makonni suna gyara shi. Haka kuma hasken ranar da ke dallare mutum in ya fito daga inuwar masallaci, shi ma ado ne.

Mutum ya zauna da lafiyayyun idanunsa biyu yana ƙera hazo. Na karanta tarihin wautar ɗan Adam a littattafai masu kauri, wannan ba ya ciki.

Bai san komai game da ciwon idona ba, ba laifinsa ba ne. Na hana ubansa faɗa. Amma haushin ya ƙi sauka.

Juma'a, da yamma

Na gwada da ido a runtse rabi. Masallaci. Bokitin ma ya fara gane ni.

Asabar, bayan magariba

Yau na ga abin al'ajabi, kuma har yanzu ban yafe ba.

Maigida, Mutala, ya dawo daga wurin aikinsa a Abossey Okai da warin man inji a rigarsa, ya same ni kwance da tsumma mai sanyi a goshi. Mutumin da ko saƙo a waya sai an rubuta masa, ya ce bari ya ga abin da ke kayar masa da mata. Na ce ga bokiti nan kusa da ƙafarsa.

Ya zauna. Ya tsallake gota. Ya wuce tagar Anti Muniratu. Ina kwance na juya wa allon baya, ina jiran in ji ƙarar bokiti. Sai na ji yana cewa ga masallaci, ga kwanar mai shayi, ga ƙofa, ashe har ƙusar da ake rataye fitila sun sa. Ya shiga zaure. Ya ce randa tana nan, har da murfinta na katako.

Na ce kansa fa? Ya ce lafiya lau. Na ce rangajin? Ya ce wane rangaji, shi bai ga wani rangaji ba, hanya ce sumul.

Sumul. Na ɗago in kalli tsakar gidan, ko na daƙiƙa ɗaya ne, sai ya motsa yatsa, duniya ta nutse hagu, na koma kan matashi. Abin da na samu duka wani gefen bango ne shuɗi.

Ya daɗe a ciki yana yawo, yana ba ni labari kamar wanda ya je Makka ya bar ni a filin jirgi. Ya ce gwanda tana gaban madafa. Wannan kaɗai na karɓa daga hannunsa. Gobe zan aika wa Lariba.

Surukin gida ya shiga, 'yar gida tana waje da tsumma a ka.

Lahadi, da hantsi

Na gano. Wallahi na gano, kuma dariya ta hana ni riƙe biro.

Ina zaune a ƙofar gida ina tsince wake, sai ga Maigida ya taho daga bakin titi da burodi a hammata. Yanzu daga nesa ba na gane fuska, tafiya nake ganewa. Tun da inji ya faɗo masa a ƙafa, Izzu yana goye, tafiyarsa ta zama haka: ya nutse hagu, ya taso dama. Ina kallo, sai na ji yawu ya fara taruwa a bakina. Ya nutse hagu. Ya fizge kai gefe, ya gai da mai kanti. Ya dawo. Ya fizge ɗaya gefen, ya tambayi wata tsohuwa jikin jikanta. Ya tsaya ya ɗan rusuna wa liman.

Na ajiye tiren wake. Da ya iso na ce, Baban Izzu, me ɗanka ya ɗaura maka a ka?

Ya kalli burodi. Ya kalli sama. Daga baya ya zauna ya faɗi gaskiya, yana murmushin yaron da aka kama da hannu a tukunya. Wai Izzu yana son tafiyar cikin gem ɗin ta zama ta mutum na gaske, sai ya ɗaure masa waya a hula da kyalle, ya ce ya taka daga titi zuwa inda gidan yake. Wayar ta haddace kowane motsi. Suka ɗauki motsin suka zuba a gem. Ya ce an ce kada ya faɗa wa kowa sai ranar baje kolin gem ɗin, za a rubuta sunansa a allo.

Na ce ba a ce maka ka tafi kai tsaye ba? Ya ce an ce. Na ce to? Ya ce yaya za a yi ya wuce liman Malam Abass a ƙofar masallaci bai gaishe shi ba, don an ɗaura masa waya? Shi ɗan wa?

Ashe duk fizgar nan gaisuwa ce. Lungun cikin allo babu kowa, amma kan Mutala yana juyawa yana gai da mutanen Nima ɗaya bayan ɗaya, mu kuma muna amai.

Na dube shi sosai. Shekara talatin ina tafiya a gefen mutumin nan, ban san haka ƙasa take yi masa ba. Kullum a cikin kwalekwale yake, kuma bai taɓa ce min kansa na juyawa ba. Na ƙara masa madara a shayi. Ya tambayi dalili, na ce ya sha kawai.

Talata, bayan azahar

Na je Kokomlemle. Ofishin bai kai madafata ba, ga wayoyi a ƙasa kamar taliya.

Izzu ya ga ni ya miƙe, ya fara "cale, cale", kiran da yake yi wa abokansa, ya tuna da wa yake magana, ya gyara baki. Na ce na san maganar hula. Nasiha ta sunkuyar da kai tana dariya. Yarinya ce mai natsuwa, ita ke rubuta abin da ke sa gem ɗin motsi, shi kuma yana zane da surutu.

Ya yi min dogon bayani. Tafiyar Baba ita ce ran abin. Duk wanda ya gwada ya ce bai taɓa ganin gem mai tafiya irin wannan ba. Za su nuna shi a baje koli Asabar ta sama, manyan mutane za su zo, ba a taɓa ginin da ya tsaya ana gobe biki. Bayan baje koli zai yi min nawa na musamman.

Na tambaye shi su wa suka gwada. Ya lissafa, duk samari ne irinsa da suka girma da allo a gaban hanci. Na ce cikin waɗanda suka taɓa kwana a gidan nan, mutum nawa suka isa ƙofa? Ya ce Baba. Na ce Baba a ƙafarsa yake tafiya.

Sai Nasiha ta jawo aljihun teburinta ta nuna min. Fakitin maganin ciwon kai ne, wasu cike, wasu fanko. Ta ce in za ta gwada abin, gefe take kallo. Izzu ya ce ba ta taɓa gaya masa ba. Ta ce ta gaya masa, ya ce sabo ne.

A nan take ta kashe min hazon da hasken nan mai dallarewa, ta buɗa allon ya daina zama kamar leƙe ta bututu. Amma tafiyar, ta ce, sai an sami wata a zuba a madadinta, kuma duk wanda suka ɗaura wa waya kansa sai ya yi rawa.

Na ce a Accra? Garin da mace ke ɗaukar tiren ƙwai ta tsallake titi tana ba da canji? Tun ina 'yar shekara bakwai nake ɗaukar wake da shinkafar Inna a ka, daga wannan ƙofar zuwa bakin titi, kafin in sa kayan makaranta. In miya ta zuba, jikina ne zai faɗa. Na ce su kawo wayar ran Asabar.

Izzu ya ce, "Mma, ke malamar makaranta ce, mutane za su gani."

Na ce su gani. Wuyan da ya ɗauki tire shi ya ɗauki digiri.

Alhamis, da azahar

Asibiti. Layin ya kai har bakin matakala. Wata mata a gefena ta ba ni labarin surukarta tun daga ɗaurin aure har yau, ban ce mata komai ba, ta ce na iya hira.

Likitan yaro ne mai ladabi. Ya haska, ya auna. Ya ce maganin ɗigawa ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Alhamis mai zuwa, da sassafe, za su yi wa idon aiki, kada in ci komai. Na tambaye shi abin da kowa zai tambaya. Ya ce suna sa rai. Na ce ban tambayi ransa ba. Ya ce ba zai yi min alkawari ba.

Na ji daɗin wannan. Aƙalla namiji ɗaya a garin nan ya san nauyin alkawari.

Maigida ya riƙe min jaka a tirotiro, abin da bai taɓa yi ba. Na ƙwace.

Juma'a, da hantsi

Rubutuna ya ƙara girma. Shafin da ke cin labari guda yanzu gaisuwa kawai yake ɗauka.

Asabar, bayan la'asar

Yau Nima ta sha kallo.

Na fito da tiren Inna, wanda na tsira da shi daga gidan. Lariba ta bar albasarta ta zo ta naɗa min gammo, tana cewa wuyana ya yi laushi da karatu. Nasiha ta manne wayar a tsakiyar tire. Na ce tire marar nauyi rawa yake, a sa kaya. Aka aiki Izzu ya sayo doya biyu. Ya riƙe su kamar bai taɓa ganin doya ba.

Da aka ɗora min, wuyana ya tuna kafin ni. Kafaɗa ta sauka, ƙugu ya karɓi aikin, kai ya tsaya cak. Ƙasa tana yin abin da take so, sama ba ruwanta.

Matsala ɗaya ce, kuma Maigida ne ya hango ta. Ya ce in na wuce Malam Abass ban rusuna ba, kafin magariba za a ce Madam Latifatu ta yi digiri ta daina gaisuwa. Na ce da baki zan gaisar. Ya ce baki bai isa ga liman ba. Sai ya gyara hula ya shiga gabana.

Haka muka taho. Shi a gaba yana nutsewa hagu yana tasowa dama, yana raba gaisuwa kashi biyu, tasa da tawa. "Madam tana gaisuwa, aiki ne a kanta. Madam ta rusuna, ku ɗauka ta rusuna." Ni a baya da doya biyu da waya, ido a gaba. Lariba a gefe tana korar yara da awaki. Samarin da ke shan shayin ataya a kwana suka miƙe suna tafi, wani tsohon ɗalibina ya ce Madam nawa doya, na ce masa ba tare da na juya ba har yanzu ina bin sa aikin gida. Anti Muniratu ta leƙo ta taga ta ce tafiyar Inna ce sak, har yadda take jefa ƙafar dama. Wannan ya kusa sa tiren ya motsa. Bai motsa ba.

Na tsallake gota. Na wuce masallaci, da ƙafata, ba bokiti. Malam Abass ya ce Allah ya ba da sa'a, ko me ake yi.

Muka tsaya inda ƙofar take. Yanzu shagon sayar da cajar waya ne. Yaron shagon ya tambaya ko muna son wani abu. Lariba ta ce masa yana tsaye a kan zauren mutane.

Nasiha ta duba wayar ta nuna wa Izzu. Ta ce layin motsin Baba kamar haƙoran zarto yake, nawa kamar an ja zare. Maigida ya ce zarto ma yana da amfani. Mun dafa doyar da yamma, kowa ya ci.

Lahadi, bayan magariba

Izzu ya zo cin tuwo. Ya yaba tafiyata, ya yaba miya, sannan ya ce bayan baje koli, in sha Allahu, zai zauna ya zuba ta a nutse.

Na sa ubansa ya fita sayen kati. Na gaya wa Izzu maganar idona da aikin ranar Alhamis.

Ba zan rubuta yadda fuskarsa ta yi ba. Ya bar tuwon. Ya tambayi tun yaushe, na faɗa. Ya ce hazon nan da ya sa, sai ya kasa ƙarasawa. Na ce ya ci tuwonsa, hazo dai an kashe shi. Ya ɗauki jakarsa ya tafi Kokomlemle ko hannu bai wanke ba.

Litinin, da la'asar

Na shiga.

Izzu da Nasiha sun zo da idanu jajaye. Lariba ta rufe rumfa da wuri. Na ajiye bokiti kusa, don ban yarda da kowa ba. Na danna. Lungun ya taho gare ni a hankali, a miƙe, kamar ruwa a kwano. Gota. Taga. Masallaci, na ce masa sannu, yau ba a nan zan sauka ba. Ƙusar fitila. Zaure mai duhu, sannan haske.

Randa tana nan. Murfinta ya ɗan karkace yadda yake yi in yaro ya sha ruwa ya gudu. Igiyar shanya. Turmi a kife. Gwanda a gaban madafa, na ce Lariba ta duba da kyau, ta ce an matsar da ita. Na tsaya a tsakar gida ban taɓa komai ba. Ban san tsawon lokacin ba.

Kaina garau. Idona ya yi ruwa, amma ba irin na da ba.

Abu ɗaya na lura. A tafiyata lungun shiru ne, kai ba ya juyawa ga kowa. Na ce kada su goge ta Baba. A tambayi mutum tun farko, tafiyar wa kake so, ta Mutala ko ta Latifatu. Mai ƙarfin ciki ya bi Mutala ya gai da jama'a. Maigida ya ce dama ya san za a dawo gare shi.

Sai na juya ga ƙofar Inna, shuɗiya, ta hannun dama. Na danna. Ba ta buɗe ba. Na sake dannawa.

Izzu ya ce babu komai a bayanta. Ranar da ya ɗauki hoto a kulle take, makullin yana hannun wanda ba na ambata, shi kuma yana ƙarami Kaka ta rasu, bai tuna cikin ba. Ya ce alkawarinsa tsakar gida ne da randa, ga su.

Na ce alkawarinsa gidan Kaka ne. Wanda ya tsaya a tsakar gida baƙo ne.

Na sa ya buɗe littafin zanensa. Na faɗa, yana zanawa. Gadon ƙarfe mai rumfa a hagu. Kabad mai gilashi da jeren kwanonin da ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba. Buzun salla a bayan ƙofa. Taga ƙarama a sama, wadda da hantsi take jefo haske murabba'i a kan siminti, a nan na koyi karatu, ina matsawa in hasken ya matsa. Lariba ta ce akwai rediyo. Babu rediyo. Na bar mata rediyon, ta sha kaye a kan gwanda.

Talata, da hantsi

Ya bugo yana tambaya ko hasken tagar fari ne ko ja. Na ce ruwan zuma. Ya ce Mma, lokaci ya ƙure, ga baje koli. Ya fara cewa in an sallame ni daga asibiti. Na katse shi.

Izzuddeen, ga shi a rubuce da manyan baƙaƙe, ko kai ka iya karantawa daga ƙofa. Gobe Laraba, kafin a kira la'asar, ƙofar nan ta buɗe. Ba na son ado. In kwanonin ba su samu ba a bar su, in gadon ya karkace zan gyara shi a raina. Taga da haskenta kawai ka tabbatar.

In ta buɗe, zan shiga in zauna a wannan hasken har ya bar siminti, in tashi in yi salla, in haɗa jakata. Jibi su yi abin da za su yi.

In ba ta buɗe ba, ran Asabar zan zo baje kolinka da bandeji a ido, Lariba tana jan hannuna, ubanka a gaba yana gaisuwa. Zan sa kujera kusa da allonka, in aje bokitin a gabana, duk babban mutumin da ya miƙa hannu zai ɗauki fad in gaya masa daga wane masallaci ake fara buƙatarsa.

Na riga na wanke shi.